KARIN MAGANAR SINAWA: GARGAƊI CIKIN KALMOMI HUƊU

Bahaushe yana gadon karin magana daga baki zuwa kunne, shi ya sa ba kasafai ake sanin wanda ya fara faɗinta ba. Mutanen ƙasar Sin kuwa sun daɗe da rubutu, har ya zamanto da yawa daga cikin karin maganarsu ana iya bin sawunta a kai ga littafin da ta fito ciki, da sunan sarkin da aka yi wa gargaɗin, wani lokaci ma har da shekarar da abin ya auku. Irin wannan karin magana suna kiranta cengyu. Yawancinta kalmomi huɗu ne rak, kuma ƙamusoshinsu sun tattara dubbanta.

Kalmomin nan huɗu ba su isa su fahimtar da baƙo komi ba. In Basine ya ce “tsare kututture, jiran zomo”, ɗan'uwansa ya gane nan take, domin tun yana makarantar firamare aka ba shi labarin da ke bayan zancen. Haka Bahaushe yake in ya ce “ihu bayan hari” ko “jiran gawon shanu”: ya yi gajeren zance, amma wanda ya san gari ya ji dogon bayani. Saboda haka duk mai son fassara cengyu tilas ne ya kawo labarinta tare da ita.

Mafi yawan labarun nan sun fito ne daga wani zamani na tashin hankali da ake kira Zamanin Ƙasashe Masu Yaƙi, daga shekara ta 475 zuwa ta 221 kafin Miladiyya (K.M.). A lokacin manyan masarautu bakwai ne ke kokowar mallakar ƙasar, har masarautar Cin ta cinye sauran shidan. Masana da dama suna ganin daga sunan Cin ɗin nan ne kalmar Sin ta samo asali. Malamai da mashawarta suna yawo daga fada zuwa fada suna neman sarkin da zai saurare su. To amma faɗa wa sarki gaskiya ƙiri-ƙiri yana iya jawo wa mutum takobi bisa wuya, sai suka koyi naɗe gargaɗi cikin labari, yadda sarki zai ga kansa a ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

An rubuta sunayen mutanen dā a nan yadda kunnen Bahaushe zai ji su. Na shugabannin zamani kuwa an bar su yadda aka saba ganinsu cikin jaridu.

Manoma biyu da mai takobi

Malam Mengzi, wanda ya rayu wajen 372 zuwa 289 K.M., ya ba da labarin wani manomi na masarautar Sung da ya ƙosa ya ga shukarsa ta yi tsawo. Kullum ya je gona sai ya ga kamar ba ta motsa ba. Wata rana sai ya bi ta tushe-tushe yana ɗan jan kowace sama. Da maraice ya komo gida a gajiye, ya shaida wa iyalinsa cewa yau ya taimaki hatsi ya girma. Ɗansa ya ruga gona, ya tarar da shuka duk ta yi yaushi ta kwanta. Daga nan aka sami karin maganar “jan shuka don a taya ta girma”. Ana faɗinta ga uban da ya ɗora wa yaro karatun da ya fi ƙarfinsa, da kuma shugaban aikin da ke neman amfanin shekara biyar cikin damana guda. Abin lura shi ne manomin nan ba rago ba ne, ya ma fi maƙwabtansa shan wahala a wannan rana. Ƙwazon nasa ne ya kashe gonar. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa.

Manomi na biyu shi ma ɗan Sung ne, kuma Han Fei, wanda ya rasu a 233 K.M., shi ya kawo labarinsa. Yana cikin noma sai wani zomo ya sheƙo a guje, ya yi karo da kututturen itace a tsakar gona, wuyansa ya karye. Manomi ya ci naman banza. Washegari ya jingine hauya, ya zauna gindin kututture yana jiran zomo na biyu. Zomo bai zo ba, gona ta cika da ciyawa, shi kuma ya zama abin dariya a ƙasar. Hausawa sun san wannan darasi, tunda sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Amma Han Fei da masu mulki yake: yana nufin waɗanda ke son su tafiyar da mutanen yau da dabarun sarakunan dā, don kawai dabarun sun taɓa yin amfani sau ɗaya.

Labari na uku ya fito cikin wani kundi da aka haɗa a fadar Cin wajen 239 K.M. Wani mutumin masarautar Cu yana ƙetare gulbi cikin kwalekwale, sai takobinsa ya suɓuce ya faɗa ruwa. Maza ya zaro wuƙa ya yi tsaga a gefen jirgin, ya ce daidai nan takobin ya faɗa. Da aka kai gaɓa sai ya yi nutso ƙarƙashin tsagar yana lalube. Jirgi ya tafi, takobi na can inda ya nutse. Masu kundin sun kawo labarin ne bisa zancen dokoki: zamani yana tafiya kamar jirgin, wanda kuwa ya riƙe tsohuwar doka bai duba ko ta dace da halin da ake ciki ba, yana neman takobi ne a inda babu shi. Sinawa suna ce da wannan “tsaga jirgi, neman takobi”.

Ɓarna tun tana ƙarama

Han Fei ya kuma ba da labarin wani shahararren likita mai suna Biyan Cuwe da sarkin Tsai. Likita ya dubi sarki ya ce akwai ciwo a fatarsa, in ba a yi magani ba zai shige ciki. Sarki ya ce lafiyarsa lau. Bayan fitar likita ya ƙara da cewa halin masu magani ke nan, su yi wa mai lafiya magani don a yaba musu. Bayan kwana 10 likita ya komo ya ce ciwon ya kai tsoka. Bayan wasu kwana 10 ya ce ya kai hanji. Kowane karo sarki sai ya ɓata rai. A karo na huɗu likita na hango sarki sai ya juya ya yi tafiyarsa. Da aka aika a tambaye shi dalili, sai ya ce ciwon fata ana gasa shi, na tsoka ana yi masa allura, na hanji ana shan jiƙo, amma wanda ya kai ɓargo ya fi ƙarfin likita. Bayan kwana 5 ciwo ya kayar da sarki. Aka nemi Biyan Cuwe, aka tarar ya riga ya tsere zuwa Cin. Sinawa suna kiran wannan hali “ɓoye ciwo, ƙin likita”. A wannan wuri ne kuma Han Fei ya ja hankali bisa yadda ramin tururuwa ke rushe babbar madatsar ruwa, zancen da ya zama karin magana shi ma. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Akwai wata da ta fi wannan ɗaci, domin ta shafi sakamakon da mai gargaɗi ke samu. Wani baƙo ya ga bututun hayaƙin murhun mai masaukinsa a miƙe yake sak, ga kuma itace jibge a gefensa. Ya ba shi shawara ya lanƙwasa bututun, ya kuma nisanta itacen. Mai gida ya yi shiru. Ba a daɗe ba gobara ta tashi, maƙwabta suka taru suka kashe ta. Mai gida ya yanka sa ya shirya walima, ya zaunar da waɗanda suka ƙone a wurin girma, amma bai ko gayyaci baƙon nan ba. Sai da wani ya tuna masa cewa da ya ji shawarar tun farko, da bai yi asarar sa ba, da kuma wuta ba ta tashi ba.

Wannan labari yana cikin tarihin daular Han da Ban Gu ya rubuta a ƙarni na 1 na Miladiyya, kuma yana da dalili. Wani mutum mai suna Shu Fu ya rubuta wa sarki Shuwan har sau uku cewa gidan Huwo, dangin babban wazirin da ya rasu a 68 K.M., sun yi ƙarfi fiye da kima, a rage musu iko tun da wuri don kada su halaka. Ba a kula shi ba. A 66 K.M. gidan Huwo suka ƙulla makirci, asiri ya tonu, aka hallaka su. Waɗanda suka tona asirin aka ba su sarauta, Shu Fu kuwa aka manta da shi. Sai wani ya rubuta wa sarki labarin murhun nan, sannan aka ba Shu Fu bandir 10 na siliki da muƙami a fada. “Lanƙwasa bututu, kawar da itace” ita ce rigakafin Sinawa. Ta kuma nuna wani hali da ke cikin kowace hukuma: ana ganin wanda ya kashe wuta, ba a ganin wanda ya hana ta tashi, domin aikinsa ba ya barin toka da za a nuna.

Leɓe da haƙora

Yu da Guwo ƙananan masarautu ne maƙwabtan juna, kusa da babbar masarautar Jin. A 658 K.M. sarkin Jin ya aika wa sarkin Yu da kyautar ingarman dawaki da wani dutse mai daraja, yana roƙon a ba rundunarsa hanya ta wuce ta yaƙi Guwo. Aka ba shi. A 655 K.M. ya sake roƙo. Wani bafade mai suna Gung Jici ya gargaɗi sarkin Yu cewa Guwo ita ce garkuwar Yu, kuma in leɓe ya tafi haƙora za su ji sanyi. Sarki ya ce ai mutanen Jin danginsa ne, ba za su cuce shi ba. Gung Jici ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Rundunar Jin ta ci Guwo, bisa hanyarta ta komawa ta yada zango a Yu, ta kama sarkin, ta mayar da dawaki da dutsen ga mai su. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Karin maganar leɓe da haƙora ba ta tsufa ba, domin da ita magabatan Sin suka kafa hujja a 1950 sa'ad da suka tura sojojinsu yaƙin Koriya.

Wata kuma ta hana yaƙi ne. Masarautar Jao ta yi shirin kai wa Yan hari, sai wani mashawarci, Su Dai, ya je wa sarkin Jao da labarin abin da ya ce ya gani a bakin gulbin Yi. Kawa, halittar nan ta ruwa mai ɓawo biyu, ta fito shan hantsi ta buɗe ɓawonta. Wani tsuntsu mai dogon baki ya kai wa namanta sara, ita kuma ta datse bakinsa. Tsuntsu ya ce in ba a yi ruwa yau da gobe ba za ta bushe. Kawa ta ce in bakinsa bai fita yau da gobe ba zai mutu. Suna cikin wannan gardama masunci ya zo ya kwashe su duka biyu. Su Dai ya ce masuncin shi ne Cin. Sarkin Jao ya fasa yaƙin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gargaɗi ga mai mulki

Sarki Li na daular Jou ya tsananta wa talakawa, suka yi ta gunaguni. Sai ya ɗauko wani boka ya sa shi leƙen asirin masu zaginsa, duk wanda aka kawo sunansa a kashe. Mutane suka daina magana, in sun haɗu bisa hanya sai kallon juna kawai. Sarki ya yi murna ya ce ya kashe tsegumi. Wani dattijon fada, hakimin Shao, ya ce masa toshe bakin jama'a ya fi datse gulbi hatsari, domin ruwan da aka datse in ya ɓalle yakan ci mutane da yawa, shi ya sa mai hikima ke yi masa magudana. Sarki bai ji ba. A 841 K.M. mutanen birni suka yi bore, ya gudu zuwa wani gari mai suna Ji, can ya mutu bayan shekara 14 bai koma gadonsa ba. Daga wannan shekara ta 841 ne tarihin Sin ya fara tafiya shekara bi shekara ba yankewa.

Daular Cin da ta haɗe ƙasar a 221 K.M. ba ta daɗe ba. Sarkinta na farko ya mutu a 210, ɗansa Huhai ya hau, amma iko yana hannun wani bafade mai suna Jao Gao. Tun a 209 tawaye ya ɓarke a gabas. Marubucin tarihi Sima Ciyan ya ce manzon da ya fara kawo labarin tawayen sai sarki ya sa aka tsare shi, saboda haka na bayansa suka riƙa cewa ƴan fashi ne kawai, kuma an kusa gamawa da su. A 207 Jao Gao ya so ya san wanda ke tsoronsa cikin fadawa. Ya jawo wata irin barewa mai ƙahoni masu rassa gaban sarki, ya ce ga doki ya kawo kyauta. Sarki ya yi dariya ya ce ai wannan barewa ce, ya tambayi fadawa. Waɗansu suka yi shiru, waɗansu suka ce doki ne, kaɗan suka ce barewa ce. Daga baya Jao Gao ya ƙulla wa waɗannan kaɗan ɗin sharri aka hukunta su. Cikin shekarar nan ya tilasta wa sarki kashe kansa, shi ma magajin sarkin ya kashe shi, ba da jimawa ba daular ta faɗi. “Nuna barewa a ce doki” ita ce sunan da Sinawa ke ba ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce amma ba mai iya musawa.

Ta ƙarshe a wannan babi ta shafi masu ilimin takarda. A 260 K.M. rundunonin Cin da Jao suka ja daga a Cangping. Tsohon sarkin yaƙin Jao, Liyan Po, ya ga abokan gaba sun fi shi ƙarfi, sai ya kafa ganuwa ya ƙi fita. Mutanen Cin suka baza jita-jita cewa ba wanda suke tsoro sai Jao Kuwo, wani saurayi ɗan shahararren jarumi, wanda ya haddace littattafan yaƙi har ubansa ba ya iya kayar da shi a muhawara. Uban tun yana da rai ya ce yaron yana ɗaukar yaƙi abu mai sauƙi. Uwarsa da kanta ta rubuta wa sarki kada a naɗa shi. Aka naɗa shi. Ya fita daga ganuwa ya kai hari, sarkin yaƙin Cin, Bai Ci, ya yi kamar yana gudu, sannan ya zagaye shi ya yanke masa hanyar cimaka. Bayan kwana 46 na yunwa Jao Kuwo ya mutu da kibiya. Sima Ciyan ya ce an kashe mutum 400,000 da suka miƙa wuya. Masana na zamani suna ganin adadin ya yi yawa, amma a 1995 an tono ramukan ƙasusuwa a wurin, cikin lardin Shanshi. Ana ce da halin Jao Kuwo “yaƙi bisa takarda”, ko da yake a zamaninsa ba a fara rubutu bisa takarda ba, mutanen baya ne suka laƙaba wa labarin wannan suna.

Ranar da aka manta da kakanni

Sanin karin magana daban, aiki da ita daban, kuma tarihin Sin na kusa ya nuna haka. A 1958 shugaba Mao Zedong ya ƙaddamar da shirin da aka kira Babban Tsalle Zuwa Gaba, da nufin a cim ma ƙasashen masu masana'antu cikin ƴan shekaru. Aka tattara manoma cikin manyan ƙungiyoyin gama-kai, aka janye miliyoyinsu daga gona zuwa narkar da ƙarfe a bayan gida, aka umurce su su yi shuka a cunkushe don a ninka amfani. Shukar ta shaƙe juna. Aka kuma yi shelar yaƙi da gwara bisa zargin tana cin hatsi. Da tsuntsayen suka ƙare sai fara da sauran ƙwari suka sami sarari, har a 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba aka sa kuɗin-cizo a madadinta. Manomin Sung ya sake jan shukarsa, amma wannan karo gonar ƙasa ce baki ɗaya.

Barewa ma ta sake zama doki. Ma'aikatan larduna suka shiga gasar ƙara gishiri cikin rahotanninsu. A watan Satumba na 1958 an buga cewa wata gona a gundumar Huanjiang ta ba da shinkafar da, in an lissafa, ta kusa tan 1,000 a hekta guda, abin da ko yau babu gonar da ke ba da kwatankwacinsa. Bisa waɗannan alƙaluman ƙarya hukuma ta riƙa karɓar rabonta na hatsi, aka bar ƙauyuka da rumbu wayam. A watan Yuli na 1959, a taron Lushan, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna kurakuran shirin. Aka tuɓe shi, sauran kuma suka kama bakinsu. Yunwar da ta biyo baya, daga 1959 zuwa 1961, ta ci rayukan da masu bincike ke ƙiyastawa daga miliyon 15 zuwa miliyon 45 ko fiye. A farkon 1962, gaban taron ma'aikata 7,000 a birnin Beijing, shugaban ƙasa Liu Shaoqi ya maimaita abin da manoman lardin Hunan suka faɗa masa, cewa kashi uku na masifar daga yanayi ne, kashi bakwai daga hannun mutane. A 1981 jam'iyyar da ke mulki ta amsa a rubuce cewa shirin ya jawo wa ƙasa da jama'a babbar asara.

Gyaran garke bayan ɓatan tunkiya

Sinawa suna da karin magana ta ranar da ɓarna ta riga ta auku. Juwang Shin ya gargaɗi sarkin Cu cewa ya bar sha'anin mulki ya kama shagali da ƴan fadan da ke yi masa daɗin baki. Sarki ya ce tsufa ne ya ruɗe shi. Juwang Shin ya ƙaura zuwa Jao. Bayan ƴan watanni, a 278 K.M., rundunar Cin ta ci babban birnin Cu, sarki ya gudu. Daga mafakarsa ya aika aka komo da mai gargaɗin, ya amsa laifinsa, ya tambaye shi abin yi. Juwang Shin bai tsaya gori ba. Ya ce wanda tunkiyarsa ta ɓace, in ya gyara garke bai makara ba, ya kuma nuna masa cewa ƙasar da ta rage a hannunsa tana da faɗi. Masarautar Cu ta ƙara shekara 55 kafin ta faɗi a 223 K.M. Bahaushe yana cewa da-na-sani ƙeya ce. Basine bai musa ba, sai dai ya ƙara da cewa a duba tumakin da suka rage.

Irin wannan gyara aka yi a ƙarshen 1978. A ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui magidanta 18 suka dangwala yatsa bisa wata takarda a asirce, suka raba gonar gama-kai tsakaninsu, kowa ya noma nasa ya biya rabon hukuma. Amfanin da suka samu a shekarar da ta biyo ya ninka na baya. Maimakon a hukunta su, sai magabata ƙarƙashin Deng Xiaoping suka bari a gwada tsarin a wasu wurare, sannan aka baza shi ko'ina cikin ƙasar a farkon shekarun 1980. Taken da aka riƙe a lokacin wata tsohuwar cengyu ce daga tarihin Ban Gu, wadda ma'anarta ita ce neman gaskiya daga abin da ke akwai a zahiri. Aka haɗa ta da wani zancen talakawa: a ƙetare gulbi ana laluben duwatsu da ƙafa.

Nijar da Jamhuriyar Jama'ar Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 20 ga Yuli 1974. Hulɗar ta yanke a 1992, ta komo a 1996. Likitocin Sin sun fara zuwa aiki a ƙasar a 1976, an kuma buɗe matatar man fetur ta Damagaram a 2011 da haɗin gwiwar wani kamfaninsu. Ma'aikacin da ke zama teburin shawara da baƙin nan zai amfana in ya san cewa su ma, kamar Hausawa, sukan naɗe ƙin yarda ko jan kunne cikin karin magana, kuma sukan girmama wanda ya gane ba sai an warware masa ba. Sai dai a yi hattara da jabu, domin ba duk zancen da aka jingina wa Sinawa ne nasu ba. Maganar nan da ta zagaya duniya, wai hoto guda ya fi kalmomi dubu, wani mai tallar kaya ne na Amurka, Fred Barnard, ya yaɗa ta cikin shekarun 1920, ya kuma ce karin maganar Sin ce don a ɗauke ta da daraja.

Wanda ya bi labarun nan ɗaya bayan ɗaya zai ga kusan kowane yana da mutum biyu: mai faɗa da mai ji. Mai faɗa ba ya ƙaranci, tun daga likita da bafade har zuwa uwar sarkin yaƙi. Inda aka ji, kamar sarkin Jao da ya fasa yaƙi ko sarkin Cu da ya aika a kira wanda ya raina, ƙasa ta tsira ko ta sami sauƙi. Inda aka ƙi ji, talakawa ne suka fara biya, kafin abin ya iso kan mai gadon. Ke nan aikin da ke gaban shugaban ƙungiyar manoma, da mai gari, da ma'aikacin ofis iri ɗaya ne: ya bar ƙofa a buɗe ga mai kawo labarin da ba shi da daɗi, ya kuma tuna da shi ranar rabon yabo, ko da wutar da ya hango ba ta tashi ba.